Reshen da Haula Ta Sare

"Ki tsaya ki ji ni da kyau, Haula. Wannan ba zogale ba ne da za ki watsa masa ruwan wanke-wanke ki wuce."

Mama Delphine ce ke magana daga cikin taksi, ta tokare ƙofar da kumburarriyar ƙafarta don kada direba ya rufe. Direban ya riga ya tada mota, sai duba agogo yake yi. Haula, maƙwabciyarta, na tsaye da ludayi a hannu ɗaya, makullin gidan tsohuwar a ɗaya hannun.

"Ruwa da sassafe, kafin rana ta fito. A gindi za ki zuba, kada ki jiƙa ganyen. In rana ta karkata ki jingina masa zanan nan ta yamma. Sannan ki duba can ƙasa, akwai wani ƙullutu, duk abin da ya tsiro a ƙarƙashinsa..."

"To Mama, na ji. Ki tafi kada layi ya yi tsawo. Allah ya ba ki lafiya."

"Ba ki ji ba."

"Wallahi na ji."

Ina fa ta ji. Ƙaurin miyar yakuwar da ta baro a wuta ya riga ya tsallako katanga ya iso hancinta, kuma macen da miyarta ke kamu kunnenta ba ya aiki. Tsohuwar ta ƙarasa maganarta, ta janye ƙafar, taksi ya bi layin Yalwa yana kauce wa ramuka. Haula ta ɗaure makullin a bakin zaninta ta ruga gida.

Shekara goma sha tara ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsu, katangar ma gajeriya, in mutum ya yi ɗage yana iya miƙa gishiri. Haula ta zo Garwa amarya daga wani ƙauye a bayan Gashiga, ta tarar da Mama Delphine a nan. Ungozoma ce a matarnite, wato asibitin haihuwa, Kirista, mutuniyar garin Tinyer, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Raïssa, wadda yanzu ke aiki a Yawunde. Hausarta a kasuwar Garwa ta tsince ta, haɗe da Fulatanci da Faransanci, in ta fusata kuwa duk ukun take gwamawa ta zuba wa mutum. 'Ya'yan Haula huɗu a hannunta suka faɗo duniya. Na ukun ma a tsakar ɗaki aka karɓe shi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, babu moto, wato babur ɗin haya, ko ɗaya a titi. Tun daga ranar Haula ta daina ce mata Madam, ta koma Mama.

Abin da ake wannan dogon bayani a kansa furen wardi ne, Mama Delphine tana ce masa roz. Shekarar da ta yi ritaya ta je Ngaundere ta dawo da shi a leda, a kan cinyarta tun daga can har tashar Garwa, ta hana a ɗora shi saman mota. Kowa ya ce wahalar banza ce, abin ƙasar sanyi ne, zafin garin nan ba zai bar shi ya kai wata ba. Ta yi kunnen uwar shegu da su. Ta sa aka raba duro biyu, aka huhhuda gindinsa da ƙusa, ta shimfiɗa fasassun tukwane, ta haɗa ƙasa da yashin kogin Binuwai da kashin shanun da ya shekara. Ta ajiye shi inda ranar safe ke samunsa, inuwar darbejiya ta rufe shi da azahar. Shekara takwas yana nan, masu cewa ba zai yi ba sun gaji sun yi shiru.

In ya tashi fure, kowane reshe ɗaya tak yake ɗauka, babba, ya cika tafin hannu. Cikinsa kalar madara, bakinsa ja, kuma iya ranar da ya sha iya yadda jan ke malalowa ciki. Yau ka gan shi da ɗan jan baki, jibi rabinsa ya rine. Ƙamshinsa har tsakar gidan Haula. Duk matar da ta haihu a layin, Musulma ko Kirista, Mama Delphine za ta yanko ɗaya ta tsoma a gwangwanin tumatir ta kai mata barka. Mata su karɓa da godiya, tana fita su kwashe da dariya, wai ko miya ake kaɗawa da shi. Haula ma ta yi dariyar lokacin autarta, amma ta ajiye nata a kan taga har sai da ya zube.

Makon farko Haula ta riƙe amana, a ba ta haƙƙinta. Tana idar da sallar asuba za ta ɗauki bokiti ta zagaya. Da rana ta dama kunun gyaɗa ta kai asibiti, inda aka kwantar da tsohuwar aka ce ƙodarta ce ta gaji.

Sai ƙanwar Haula ta haihu a ƙauye, Haula ta tafi suna. Kwana ɗaya ta ce za ta yi, amma sunan ƙauye ba ya sakin mutum da wuri. Ga gwaggo ba lafiya a duba ta, ga wance ta rantse sai an kwana a ɗakinta. Kwana huɗu ta share. Makullin na nan a bakin zaninta, ya je Gashiga ya dawo, ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba. A watan Afrilu fa, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Da ta dawo ta buɗe gidan, ta nufi duron. Ganyen duk ya ƙanƙance ya koma ruwan ƙasa, tana taɓawa yana marmashewa. 'Yan tohon fure biyu da ta bari sun sunkuyar da kai sun bushe a haka. Ta kwarara masa bokiti uku a jere har ruwa na tsiyaya ta ƙasan duron, ta zauna a kan dakali tana ta istigfari.

Ta dage da ban ruwa safe da yamma. Kwana takwas, sai ga Allah ya taimake ta, a ganinta. Daga can gindi, daidai ƙasa, wasu tsirrai uku suka ɓullo kore shar, masu ƙarfi, kullum sai sun ƙara tsawon ɗan yatsa. A samansu kuma ga wani mummunan ƙullutu kamar gwiwar tsoho, da rassan nan tsirara babu ganye ko ɗaya, suna tsaye suna tona mata asiri.

Haula 'yar manoma ce. A gonar babanta, in dawa ta tsiro uku-uku a rami, mai ƙarfin ake bari a cire raunanan, wannan ko yaron goye ya sani. Kuma a faɗi gaskiya, ba dabarar noma kaɗai ta kai hannunta ba. Ba ta so Mama Delphine ta dawo ta ga busassun rassan ta tambayi dalili. Ta ɗauko almakashin reshe da ke rataye a ƙusa, ya ƙi cin wurin saboda kauri. Ta koma gida ta ɗauko adda. Sara uku, kan ya faɗi gaba ɗaya, da ƙullutun da komai.

Da ta ɗaga shi ta ga bakin saran da danshi, fari mai ratsin kore. Bai mutu ba ashe. Ta ce a ranta ai ko ba komai masu ƙarfin na nan. Ta tsallaka da shi gida ta cusa a murhu, a ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ɗanye ne, hayaƙi ya yi ta yi, ya sa ta hawaye.

Bayan mako guda tsirran sun kai mata gwiwa. Ta ɗauke su hoto a waya, ta ɗauki kunu ta hau moto sai asibiti, tana jin kanta.

Mama Delphine ta rame a fuska, jikin kuma ya kumbura. Ta ga Haula ta washe baki.

"Ɓingel am, 'yata, kin zo. Yaya yara? Yaya roz ɗina?"

"Lafiya lau, Mama."

"Na bar shi da toho biyu. In wani ya buɗe ki yanko min ɗaya. Warin maganin ɗakin nan ya ishe ni, ko abinci na sa a baki shi nake ji."

"Bari ma ki gani da idonki."

Ta miƙa mata wayar. Tsohuwar ta laluba tabarau ta saka. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, ta gangara ƙasa wajen gindin, ta daɗe a wurin. Ta hau sama kan ganye ɗaya, leɓenta na motsi kamar mai ƙirga wani abu. Matar gadon kusa ta yi tari, wata nas ta wuce da tire. Sannan ta cire tabarau ta miƙo wayar.

"Ya yi kore," in ji ta.

"Sosai, Mama. Ya ma fi da saurin girma."

"Haka ne. Zuba min kunun tun da zafinsa."

Ta sha rabin kofi, ta tambayi jaririn ƙauye, ta tambayi ko cibiyarsa ta faɗi, ta yi faɗa a kan masu shafa wa cibiya toka. Har Haula ta tafi ba ta ƙara ɗaga maganar fure ba.

Washegari Haula ta roƙi mijinta Abdulhalim ya kawo mata taki daga lambunsa na bakin Binuwai, inda yake noman albasa da mangwaro. Ya kawo rabin buhu a bayan moto da hantsi, ya shigo da shi har gaban duron. Ya sauke, ya tsaya, ya tsuguna. Ya sa yatsa ya share ƙasar da ke kan kututturen.

"Ina auren?"

"Wane aure kuma, Malam?"

"Auren itacen. Ƙullutun da ke nan. Wa ya sare shi?"

Ta ce ita ce, ai ya bushe ne.

Abdulhalim mutum ne mai sanyin magana, ko albasarsa ta ruɓe ba ka jin muryarsa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Haula, kin san mangwaron aure ai. Gindin na daji ne, mai tauri, shi ke jure ƙasa da zafi. Na kirkin a kansa ake ɗaurawa. To wannan ma haka yake. Mai fure launi biyun nan daga ƙullutun zuwa sama yake. Waɗannan da kika bari 'ya'yan gindin daji ne, su ake cirewa tun suna ƙanana don kada su shanye na saman. Madam ta taɓa nuna min, ta ce sunansu a Faransanci acici yake nufi. Dubi ganyen, ƙanana bakwai-bakwai a jere. Na kirkin biyar yake yi, manya."

"To yanzu in an ba shi taki..."

"Ki ba shi takin duniya. Ƙaya zai ba ki, da ɗan farin fure in ya ga dama. Wancan kam ya tafi. Ina kan da kika sare? In da sauran rai a jikinsa sai in gwada ɗaura idon toho ɗaya a kan gindin."

Ya dube ta, ta dubi ƙasa.

"Na sa a wuta."

Garin gyaran gira an rasa ido. Nan take maganar taksin ta dawo mata, rabin da ta ji da rabin da ta bar wa ƙaurin miya. Sai kuma leɓen tsohuwar da ke motsi a kan hoton. Ƙirga ganye take yi ashe, ita kuma tana tsaye a kanta tana cika baki. Kunya ta rufe Haula tun daga kai har ƙafa, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Ki je ki gaya mata," in ji Abdulhalim. "Yau ɗin nan."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kika ce mata kin ji."

Ba ta je ba. Maimakon asibiti sai ta bi masu sayar da dashe na bakin titi ɗaya bayan ɗaya, har wajen gada. Wannan ya nuna mata furen takarda, wancan ya nuna mata lemun tsami. Wani dattijo ne ya gane abin da take nufi, ya ce irin wannan sai Ngaundere, sai kuma damina ta sauka, kuma ko an kawo ba mai rantse mata da launinsa sai ranar da ya buɗe. Ta dawo gida da ƙafa fututu, hannu wofi.

Daga ranar ta ɗauke ƙafa. Kunu dai ba ta fasa damawa ba, har ƙara masa gyaɗa take yi, amma Abdulhalim ke kaiwa a kan hanyarsa ta lambu. Ran farko ta ce a ce kanta ke ciwo. Rana ta biyu baƙi. Rana ta uku auta ce ba lafiya, alhali autar na tsakar gida tana tsalle da igiya. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to ta Haula ko furen ba ta samu yi ba.

"Ta tambaye ki," in ji shi kullum in ya dawo da kwanon.

"Me ta ce?"

"Ta ce yaya kan naki."

Rana ta shida ya ajiye kwanon da ɗan ƙarfi.

"Na gaji da yi miki ƙarya a gaban mara lafiya. Matar nan ba sauƙi take samu ba, Haula. Yau ko cokali uku ba ta sha ba. An kira Raïssa, tana hanya."

Haula ta yi kuka a madafa, ta yi alwashin gobe. Gobe ta zo, ta yi wanka, ta saka mayafi, ta kai har bakin titi ta tsayar da moto. Ɗan moton ya ce ina zuwa, sai ta ji bakinta ya ce kasuwa. Ta je ta sayo daddawar da ba ta buƙata. Ba wai ba ta san abin da take yi ba ne. Ta san in tsohuwar ta cika da wannan a tsakaninsu, babu inda za ta je ta nemo yafiya, haƙƙin maƙwabci kuwa ba ya bin ruwa. Ta sani sarai, amma duk lokacin da ta tuna yadda aka miƙo mata wayar nan aka ce ya yi kore, sai ta fasa zuwa.

Rana ta goma da la'asar ta ji tsayuwar mota a ƙofar gidan. Ta leƙa ta kan katanga. Raïssa ce da direba, sun tallabo Mama Delphine ɗaya a kowane gefe. Likitoci sun ce a kai ta gida ta huta, kuma kowa ya san abin da wannan hutun ke nufi. Raïssa ta ɗaga kai suka haɗa ido.

"Tanti Haula, makullin gida na wurinki, ko?"

Babu sauran wurin ɓuya. Ta zagayo.

Tsohuwar ta ƙi a shigar da ita ɗaki. Ta ce ta gaji da kallon silin, a ajiye ta a waje ta sha iska. Aka fito da kujerar roba aka jera matasai, aka zaunar da ita a gindin darbejiya, taku biyu daga duron. Tsirran sun kai ƙugu yanzu, sun yi sambal, ƙaya ta ko'ina.

"Kai, Tanti, mersi," in ji Raïssa, tana shafa ganyen. "Ban taɓa ganinsa da ƙarfi haka ba. A wannan zafin! Mama, kin ga aikin Tanti?"

"Na gani," in ji Mama Delphine. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai an matso ake ji. "Raïssa, je ki shanya zanin gadon nan, ɗakin ya yi wata a rufe. Ki share shi ma."

Raïssa ta shige. Haula ta durƙusa a gaban kujerar, ta kasa ɗaga ido sama da ƙafafun tsohuwar, waɗanda silifa ta daina shiga.

"Mama, ki yafe ni. Na tafi ƙauye na bar shi kwana huɗu ba ruwa. Da na dawo na ga ya bushe, sai na sare shi don kada ki gani. Da ransa na sare shi. Na ƙone kan a murhu. Wannan da ke tsaye ba naki ba ne."

"Na sani. Tun a hoton."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Kina ta murna. Na ce bari ta sha murnarta yau, gobe in ta zo na yi mata faɗa da Fulatanci." Ta tsaya ta ja numfashi. "Goben ce ba ki zo ba."

Haula ta kifa goshi a hannun kujerar.

"Roz itace ne, Haula. Na saye shi, na ji daɗinsa shekara takwas, ya isa. Na ji haushi, kada ki ce ban ji ba, kwana biyu ina zaginki a raina. Amma gadona yana kallon ƙofar ɗakin ne. Duk wadda ta shigo da mayafi sai in ce ke ce. Kwana tara. Mijinki ya zo ya tsaya yana murza hula, wai kanki ke ciwo. Mutumin da bai iya ƙarya ba kika aiko."

"Kunya ce, Mama."

"Kunya. Ni da na gan ki a yadda ko uwarki ba ta gan ki ba, sau huɗu."

Wata 'yar dariya ta so kamo tsohuwar, tari ya tare ta. Haula ta tashi ta riƙe mata kofin ruwa, ta goge mata haɓa da bakin mayafi. Da tarin ya lafa ta sake durƙusawa.

"Ki ce kin yafe, Mama. Don Allah ki faɗa da bakinki."

Shekara talatin da wani abu Mama Delphine ta yi a cikin Musulmi, ta san nauyin kalmar a wurinsu. Ta dubi Haula ta gefen ido, irin kallon da take yi wa mai naƙudar da ta cika raki.

"Na roz na yafe, duniya da lahira, kamar yadda kuke faɗa. Na kwana tara kuwa, ba za ki same shi da araha haka ba. Ni ma sai na ja miki rai kaɗan. Gobe da safe ki damo kunu, ki kawo da ƙafarki, ki zauna mu sha tare. Sannan mu yi maganar."

"Mama..."

"Gobe. Yanzu na gaji. Kira min Raïssa."

Su biyu suka shigar da ita. Haula ta gyara mata matashi, ta ja mata zani zuwa ƙirji, ta tsaya har sai da numfashinta ya daidaita. Ta so ta kwana, Raïssa ta ce ta je ta huta, in da wani abu za ta ƙwanƙwasa katanga.

Ba a ƙwanƙwasa ba. Haula ta yi sallar asuba ta hura wuta. Ta tace gyaɗar sau biyu, ta sa tsamiya kaɗan yadda tsohuwar ke so, sukari ɗan mitsitsi saboda likita. Ta juye a kwanon sha mai murfi, ta ɗora kofi biyu a kai. Gari ya fara haske, masu moto sun fara fitowa ɗai-ɗai. Ta kai hannu za ta buga ƙofar gidan, sai ta ga a sakaye take kawai.

Raïssa na zaune a kan dakali da kayan jiya a jikinta, waya a cinya. A cikin ɗaki muryoyin mata biyu na cocinsu na rera wani abu a hankali.

"Ta tafi, Tanti. Ana kiran sallarku na farko. Ba ta sha wahala ba, ina riƙe da hannunta. Na so in buga miki, sai na ga ya riga ya wuce."

Haula ta ce innalillahi, a hankali, sau biyu. Ba ta ajiye kwanon ba. Ta shiga ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ta ga an rufe fuskar da farin zani, matan suka ɗaga kai suka gaishe ta da ido. Ta fito ta zauna kusa da Raïssa. Sannan ta tambaye ta.

"Ta ce wani abu? A kaina?"

Raïssa ta yi tunani, tana murza idonta da bayan hannu.

"Ba ta yi magana sosai ba. Da zan rufe gida ne ta ce kada in sa sakata, kina zuwa da sassafe, kuma hannunki biyu za su kasance da kaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Tanti."

Rana ta fara taɓa saman katanga. A titi wata mai ƙosai ta ɗora kasko, ƙamshin mai ya shigo gidan. Haula ta dubi yarinyar, leɓenta duk ya bushe.

"Kin ci wani abu tun jiya?"

Raïssa ta girgiza kai.

Haula ta buɗe kwanon, tururi ya taso. Ta cika kofi ɗaya ta sa mata a hannu, ta riƙe hannun har sai da ta kai baki. Ɗaya kofin ta bar shi a cinyarta, ta mayar da murfin a kan sauran kunun don kada ya huce.